Gwaggo Ta Kashe Shi Sau Uku

Masu karatu, kafin ku yanke min hukunci irin wanda aka yanke min a falon gidanmu, ku bari in faɗa muku yadda abin ya faro. Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da biyu, ina ajin ƙarshe a sashen ƙera wasannin kwamfuta. Eh, akwai irin wannan sashen, har jarrabawa ake yi, har faɗuwa ake yi. Shekara uku ina yi wa Baba bayani, amma har yau idan abokansa suka tambaye shi me nake karanta, sai ya yi gyaran murya ya ce, "Harkar kwamfuta dai." Ita kuwa Gwaggo, yayar Baba, wadda ta zo mana kwana biyu tun ina aji ɗaya a sakandare, cewa take yi an kai ni jami'a in koyi abin da yara ke yi a ƙofar gida ba malami.

A farkon zangon nan Malamarmu ta ce kowa zai ƙera wasa guda, shi ne aikin kammala karatu. Ta ɗaga yatsa ta ce, "Kada wanda ya kawo min dodanni da jiragen yaƙi. Ku gina abin da kuka sani."

To ni me na sani? Gidanmu. Sai na gina gidanmu a cikin kwamfuta, ɗaki bayan ɗaki. Na sa falo da kujerunsa ruwan ƙasa, da agogon bangon nan da ke baya da minti goma tun kafin a haife ni, da labule mai furanni, da tayil ɗin da ke motsi a bakin kicin. Wasan kansa ba wuya: yarinya ce take so ta fita daga ɗakinta ta kai bakin get ta tafi makaranta, ba tare da an aike ta ko an yi mata zancen aure ba. Baba yana zaune a bayan jarida. Mama tana kicin, da ka leƙa za ta aike ka sayen gishiri. Babban haɗari kuwa ita ce Gwaggo. Tana sintiri da silifas tsakanin ɗakuna, idan ta kama ka za ta zaunar da kai ta hau ba ka labarin Dakta, jininka na raguwa a saman allo har ka mutu.

Dakta likitan haƙori ne, ɗan ƙawar Mama. Don Allah kada ku ɗauka mugu ne. Dogo ne, rigarsa kullum a goge kamar ba ya zama, motarsa na ƙanshin maganin asibiti. Laifinsa ɗaya, idan ina magana bakina yake kallo, ba idona ba. Kyautarsa ta farko burushi ne guda biyu da zaren sakace, a cikin kwali mai ƙyalli. Gwaggo ta kai kwalin ɗakinta ta ajiye a kan durowa kamar kambun yabo. Ba wanda ya ce dole in aure shi, sai dai ba a cin abinci a gidanmu ba a ambace shi ba.

Malama ta sa mana sharaɗi na biyu: kowa ya nemo wanda zai gwada masa wasan, mutumin da bai taɓa buga irinsa ba, kuma ba ɗan'uwa ba, ba ɗalibi ba. Ina cikin neman nan lif ɗin makarantarmu ya tsaya da ni tsakanin hawa na biyu da na uku. Minti arba'in ina ciki ni kaɗai, sai na ji murya daga sama.

"Kada ki danna komai."

Na janye yatsana daga maɓallan.

"Me kika danna?"

Na ce, "Duka."

Na ji an ja dogon numfashi. Da ƙofa ta buɗe sai na ga wani siriri cikin shuɗin kayan aiki, biro uku a aljihun gaba, ɗan littafi a hannu. Aikinsa ke nan, yana zagaya gine-gine yana duba lif, ya nemo matsala ya rubuta rahoto. Ban san sanda bakina ya ce, "Malam, ka taɓa buga wasan kwamfuta?" ba.

"A'a. Me ake samu?"

"Matsala."

Wallahi sai na ga idonsa ya yi haske. A nan tsaye na sa masa wasan a waya, na ajiye lambarsa da sunan Mai Lif.

Kullum da rana, lokacin hutun cin abinci, sai ya buga, ƙarfe biyu daidai saƙo ya shigo. Ba sallama mai tsawo, ba "ya kike", ba "ya gida". "Na ɗaya: Kujerar falo tana shawagi." "Na tara: Idan na buɗe firij sau biyu, Mama tana ɓacewa." Ni kuma in gyara in tura masa sabo. Mako biyu muna haka, har na fara jin yunwar ƙarfe biyu fiye da yunwar abinci. Ranar da muka kai na ashirin da biyu ya rubuto, "Babu sauran matsala. Aiki ya yi kyau. Na gode."

Ga inda nake so ku rufa min asiri. Na karanta saƙon nan ya fi sau goma, ina zaune a ɗakin kwamfutoci na makaranta, ƙawayena na murna an gama nasu. Sai na buɗe aikina na je ƙofar kicin na juya ta kai a ƙasa. Da hannuna. Na tura masa na ce, "Na ƙara wasu abubuwa, ka sake dubawa." Washegari ƙarfe biyu: "Na ashirin da uku: Ƙofar kicin ta kife." Na rungume wayar. Tun daga ranar kullum sai na ɓata abu ɗaya in gyara na jiya. Ɗalibar da ke neman sakamako mai kyau ke nan, tana ɓarna a aikinta don wani mai biro uku ya turo mata lamba.

Ranar Litinin ba ni da darasi. Na bar wayata a caji a falo na shiga wanka. Gwaggo ba ta iya ajiye lamba a wayarta ba, sai an yi mata, amma saƙon wani tana iya karanta shi daga ƙarshen ɗaki ba tabarau. Na fito da tawul a kai, cikin tsohuwar doguwar rigata ta zaman gida, na tarar da su uku a jere a kan babbar kujera: Baba a tsakiya, Mama a dama, Gwaggo a hagu. Wayata na kan tebur, an ɗora ta a faranti.

Baba ya ce, "Zauna, Auta."

Na zauna a ƙasa.

"Yaya, karanta mata."

Gwaggo ta ɗauki wayar da yatsu biyu kamar abin ƙazanta. "Na talatin da shida," in ji ta. "Yau na shiga ɗakinki sau bakwai. Ta taga ya fi sauƙi."

Mama ta dafe ƙirji.

"Na talatin da bakwai. Babanki ba ya ganina idan na bi ta bayan kujera. Ko a gabansa na tsaya, in dai jarida na hannunsa, ba ya gani."

Baba ya kalli jaridar da ke cinyarsa, ya ture ta ƙasa a hankali.

"Na talatin da tara." Gwaggo ta ɗaga murya. "Na maƙale a ƙarƙashin gadon Gwaggo minti ashirin. Gadona! Ina kai ko ba na kai, Allah kaɗai ya sani! Saurari na ƙarshe. Na arba'in: Gwaggo ta kashe ni sau uku. Amma na dawo."

Na ce, "Baba, wallahi wasa ne."

"Wasa!" in ji Mama. "Kun ji ta? Wasa!"

"Mama, wasa nake nufi, ni na ƙera, shi kuma yana shiga ya..."

"Ke kika ƙera masa hanya?"

"A'a, gidan ne na ƙera, shi yana..."

"Gidan nan ni na gina shi," in ji Baba, "bulo bayan bulo. Kada ki ƙara."

Duk kalmar da na faɗa sai ta ƙara zurfafa ramin. Na ce a bar ni in ɗauko kwamfutata in nuna musu, Baba ya ce ai ita ce tushen fitinar. Ya shiga ɗakina ya ɗauke ta, ya kulle a durowar kayansa, ya jefa makullin a aljihu. Ya ce in dai abin da ake koyarwa a makarantar ke nan, to karatun ya ƙare daga yau. Ni kuwa ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai in kare aikina. Duk shekara ukuna suna cikin durowar nan, tsakanin rigunan Baba.

Kafin magariba an kawo mai walda ya sa wa tagata ƙarfe. Gwaggo ta sa aka ɗaga gadonta ta zura sandar goge ƙasa ta ko'ina, ta fito da takalmi ƙafa ɗaya da ta shekara tana zargin mai wanki da shi. Baba ya juya kujerarsa ya jingina ta da bango don kada a bi ta baya. Gwaggo kuwa abu ɗaya ne ya tsaya mata a rai. Tana zagaye falo tana cewa, "Ni da ko kaza ba na iya yankawa? Sau uku? Kuma ya dawo? To wannan ɓarawo ne ko aljani?"

Baba ya ɗauki wayata ya rubuta da yatsa ɗaya, ya kai minti biyar: "Ka zo gida gobe ƙarfe huɗu. Ta ƙofa."

Amsa ta shigo nan take. Gwaggo ta karanta da ƙarfi: "To. Ƙofar gaba tana maƙalewa, amma na san yadda ake yi."

Mama ta yi salati.

Ranar Talata aka sa ni doguwar riga toka mai dogon hannu, da mayafin Mama mai kauri wanda take zuwa gaisuwar rasuwa da shi. Aka ajiye min kujerar roba a lungu kusa da firij, aka ce idan na yi tari ma laifi ne. Ƙarfe huɗu saura kaɗan sai ga Dakta ya yi sallama, farar riga, takalmi na ƙyalli. Gwaggo ce ta kira shi.

"Likita ne," ta ce wa Baba. "Idan ba mutum ba ne, shi zai gane."

Ƙarfe huɗu daidai muka ji an ɗaga hannun ƙofa sama an tura ta da gwiwa. Dabarar nan mu 'yan gida kaɗai muka san ta, baƙo sai ya yi ta bugu. Mai Lif ya shigo da sallama, ya sa riga mai layi-layi an ɗaura maɓalli har wuya, biro ukunsa na nan, da fayil a hammata. Ya cire takalmi ya ɗora a kan ɗan katakon da ke bayan ƙofa ba tare da ya duba ba. Ya tsallake tayil mai motsi. Ya ɗaga kai ya kalli agogo ya ce, kamar da kansa yake, "Har a nan ma baya yake yi." Sai idonsa ya faɗa kan Gwaggo, ya ja da baya taku biyu.

"Ina wuni, Gwaggo. Ashe kin fi haka tsawo."

Ya durƙusa ya gaida Baba da Mama da ladabi. Ni ya dube ni sau ɗaya, na yi masa alama da ido cewa ya gudu. Ya gyaɗa min kai, wai ya amsa gaisuwa. Bawan Allah ya ɗauka taron duba aiki ne.

Baba ya ce, "Kai ne kake shigar min gida?"

"Ni ne, Baba. Kullum da rana, lokacin hutun cin abinci."

"Da rana tsaka! Ina zaune!"

"Kana zaune, Baba. Ai ita ce matsalar da na rubuta."

"Wa ya ba ka izini?"

Ya nuna ni da biro. "Ita. Ta ce in shiga ko'ina, in taɓa komai, in ga abin da zai karye."

Na ja mayafin Mama na rufe har hancina.

Mama ta ce a hankali, "Har kicin ɗina?"

"Kicin ba na daɗewa, Mama. Da na leƙa kike aikena sayen gishiri."

Mama ta kalli Baba. "Gishirin kuwa yana saurin ƙarewa kwanan nan."

Gwaggo ta miƙe ta riƙe ƙugu. "Kai, yaro. Dube ni da kyau. Ni ka ce na kashe ka sau uku?"

"Uku na jiya ne kawai, Gwaggo." Ya buɗe fayil ya bi layi da yatsa. "Gaba ɗaya sau goma sha tara."

"Da me? Da wuƙa? Da guba?"

"Da magana."

Dakta ya yi wani irin tari ya rufe baki da hankici. Gwaggo ta juya kansa. "Dakta, duba min shi. Mutum ne?"

"Gwaggo, ni haƙori na sani."

"To duba haƙorin!"

Ku yarda da ni, a tsakiyar falonmu Dakta ya kunna fitilar waya, Mai Lif ya buɗe baki ba musu, domin shi duk abin da ake kira dubawa yana girmama shi. Dakta ya leƙa dama ya leƙa hagu ya ce, "Mutum ne. Haƙorinsa na can ciki ma ya fara rami." Sai ya kashe fitilar, ya tsaya yana kallonsa, ya yi tambayar da ba wanda ya yi tun jiya. "Malam, wai ta ina kake shiga gidan nan?"

"Ta waya mana."

Ya ciro wayarsa ya danna ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

Baba ya nisantar da ita daga fuskarsa, ya matso da ita. Ya kalli allo, ya kalli falo, ya sake kallon allo. "Wannan ai kujerata ce. Wane ne wannan ɗan guntun a bayan jarida?"



Mai Lif ya tsuguna kusa da shi yana nuna masa. "Nan za ka danna ta yi tafiya, Baba. So take ta kai bakin get ta tafi makaranta. A hankali, ka ji ƙarar silifas? Ɓuya, ɓuya a bayan labule!"

Baba bai ɓuya ba. Gwaggon cikin waya ta ɓullo daga lungu ta cafke shi. Gwaggon gaske ta leƙo ta kafaɗarsa, na rufe ido ina jiran a fasa gidan da ihu.

"Wannan rigar," in ji ta, "ai na bayar da ita tun bara. Ke, Auta, a ce duniya za ta gan ni da tsohuwar riga? Kuma me ya sa nake tafiya kamar agwagwa?"

Sai rubutu ya fara fitowa daga bakin Gwaggon waya, Baba yana karantawa da ƙarfi domin shi bai iya karatu a zuci ba. "Dakta yaron kirki ne. Ga mota, ga haƙuri, ga haƙora. Ni a zamaninmu da na samu irin Dakta..." Jan layin jini na saman allo yana ta raguwa, yana raguwa, har yarinyar ta faɗi warwas. Na saci kallon Dakta. Yana tsaye hannu a aljihu, fuskarsa ba ta nuna komai ba, amma kunnuwansa sun nuna.

Baba ya daɗe yana kallon gawar. Kafaɗunsa suka fara rawa. Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ban taɓa ji ba, har da hawaye, yana buga cinya. "Yaya, wallahi ke ce! Shekara sittin ina mutuwar nan ba wanda ya sani!"

"Ni za ka yi wa dariya? Ni da na goya ka?"

"Sake min, yaro, sake min. Wannan karon ta bayan kujera zan bi."

Ya mutu sau huɗu. A na biyar ya tsaya a falon cikin waya bai motsa ba, yana kallon wata tsaga a bango kusa da taga. Ya ɗaga kai ya nemo ta a bangon gaske, ga ta nan, siririya, ta inda ruwa ya taɓa shiga. Ya juyo ya dube ni a lunguna.

"Ke kika gina duk wannan? Ke kaɗai?"

"Ni ce, Baba. Wata huɗu."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli ya ajiye a kan tebur. "Alhamis ɗin ƙarfe nawa ne? Da ni za a je."

 A raina na ce shi ke nan, na tsira, Allah ya rufa asiri. Ashe Mai Lif bai rufe fayil ɗinsa ba.

"Saura abu ɗaya, Baba, don rahoto ya cika." Ya gyara zaman takarda. "Daga na ɗaya zuwa na ashirin da biyu matsaloli ne na gaskiya. Daga na ashirin da uku zuwa na arba'in, sa su aka yi."

Mama ta ce, "Kamar yaya sa su aka yi?"

"Shekara tara ina duba inji, Mama. Abin da ya lalace da kansa daban, abin da hannu ya lalata daban. Ƙofar da na bi lafiya ranar Laraba ba za ta kife da kanta ranar Alhamis ba. Kuma kullum guda ɗaya tak, ba ta taɓa zama biyu ba."

Mama ta juyo ta dube ni. Kun san kallon nan na uwa da ke shiga ta ido ya fita ta ƙeya? Shi. Na yi fatan firij ya buɗe in shige.

Baba ya ce, "Tun yaushe ka gane?"

"Tun na ashirin da uku."

"To me ya sa ka ci gaba da turowa?"

Karon farko na ga mutumin nan ya rasa layin da zai bi. Ya cire murfin biro ya mayar. Ya sake cirewa. Ya kalli tayil mai motsi kamar zai taimake shi.

"Ban so su ƙare ba, Baba."

 Baba ya sunkuya ya ɗauki jaridar da ya yi fushi da ita tun jiya, ya buɗe ta ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, amma takardar na rawa. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah. Mutumin da na kashe sau goma sha tara." Mama ta miƙe ta ce, "Auta, tashi ki kawo wa baƙi shayi," da wata murya da ban gane ta faɗa ce ko ta dariya ba.

Da suka tashi tafiya Mama ta ce in raka su bakin ƙofa. Mai Lif ya sa takalmi, ya ce min "Sai ƙarfe biyu" yana kallon ƙasa, ya fita da sauri har ya manta dabarar ƙofa ya bugi kafaɗa. Dakta ya tsaya. Na shirya jin ya ce ya haƙura, har na tanadi kalmomin ban haƙuri. Sai ya dube ni, a ido, ba a baki ba.

"Ban san da sunana ake kashe mutane a gidan nan ba."

"Dakta, don Allah ka yi haƙuri, ba haka nake..."

"Ni ma ban taɓa buga wasan kwamfuta ba, kin sani? Ba ki dai tambaye ni ba." Ya ɗaga wayarsa. "Na roƙi malamin da ya fita yanzu ya tura min, ya tura. Ban janye ba. Zan buga shi har ƙarshe."

Ya tafi ya bar ni riƙe da ƙofa.

Domin akwai abin da ban faɗa muku ba. Wasan nan bai ƙare a bakin get ba. Mai Lif bai taɓa ganin abin da ke waje ba, kullum Gwaggo ko ɓarnata ke tare shi a hanya. A wajen get akwai titi, a kan titin akwai farar mota, a cikin motar akwai wani dogo mai farar riga da filayar cire haƙori tsawon mutum, yana bin yarinya da gudu yana wata irin dariya da ni kaina na ɗauka da muryata a banɗaki. Kwana tara na yi ina zana masa fuskar Dakta. Har ɗan tabon da ke gefen girarsa na sa.

Yau Laraba. Kwamfutata ta dawo, tana ƙanshin turaren rigunan Baba. Gwaggo na zaune a bakin gadona da riguna uku a cinya, ta ce ba za ta tashi ba sai na zaɓi wadda zan sa mata kafin gobe, kuma in gyara mata tafiya. Na kwantar da hankalina da cewa Dakta ba zai taɓa wuce ta ba, mutum mai shekara tara a aikin duba inji ma ya kasa. Ina cikin canza mata launin hannun riga wayata ta yi ƙara.

Dakta ne. "Na wuce Gwaggo. Shayi na haɗa a kicin na kai mata, ta sha ta yi barci."

Hanyar nan ni na gina ta tun watan farko, na ɓoye ta, ba wanda ya taɓa tunanin gwada ta. Ina riƙe da wayar wani saƙon ya shigo.

"Ga ni a bakin get. Me ke waje?"

Na fara rubuta "Kada ka buɗe," na goge. Na rubuta "Dakta, akwai maganar da," na goge. Gwaggo tana cewa, "Ke, shuɗiyar ko mai furannin?" Kafin in haɗa kalma uku, na uku ya shigo.

"Na buɗe."